Karatun Kiɗa a Jami'a: Amsa ga Wata Uwa Daga Kongolam

Uwargida, in kina gaban murhu ki ɗan rage wuta, amarya ki jawo tabarma ki matso, don maganarmu ta yau tana da ɗan tsawo, kuma ba irin wadda muka saba ba ce.

Wata baiwar Allah ce daga Kongolam, can bakin iyaka a kan hanyar Damagaram, ta aiko mana da saƙon murya, ta roƙi arziki kada a faɗi sunanta. 'Yarta ta fari tana ajin ƙarshe na sakandare. Tun tana ƙarama Allah ya ba ta murya, ita ke ba da waƙa a Islamiyya duk ranar saukar karatu. To sai wani malaminsu ɗan bautar ƙasa ya gaya mata ai a jami'a ana yin digiri sukutum a kan kiɗa da waƙa. Da lokacin cike fom ɗin JAMB ya matso, yarinya ta ce ita fa shi za ta cike. Maigida da ya ji, sai ya ce a zuriyarsu ba a taɓa haihuwar maroƙi ba, in ta kuskura ta sake tayar da zancen, bokon ma ya ƙare, aure zai yi mata bayan Sallah. Uwa ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ta san mene ne wannan karatu ba, ballantana ta san ko 'yarta za ta lallasa ko mijinta.

'Yar uwa, na ji saƙonki har sau uku. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ku ukun duk kuna jayayya a kan abin da ba wanda ya san kamanninsa a cikinku, har da ita yarinyar. Saboda haka bari mu fara buɗe ƙwaryar mu ga abin da ke ciki.

Malamin nan bai yi ƙarya ba. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ce ta fara buɗe sashen koyar da kiɗa a ƙasar nan, a shekarar 1961, shekara ɗaya bayan samun mulkin kai. Daga baya wasu suka biyo baya, irin su jami'ar Ile-Ife da ta Awka da ta Uyo da ta Abraka. Ki lura da sunayen nan da kyau: duk a Kudu suke. Karatun shekara huɗu ne, kamar na sauran fannoni. Ana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci, sannan a ci JAMB. Wasu jami'o'in kuma ba su tsayawa a nan, sai sun kira ɗalibi ya zo gabansu ya rera ko ya kaɗa wani abu sun ji, kafin su ba shi gurbi.

To me ake yi shekara huɗu? Ke dai kin san ba za a zauna ana ta cashiya daga safe zuwa yamma a ba mutum digiri ba.

Abu na farko, kuma mafi wahala, shi ne rubutun sauti. Kin ga yadda yaro ke duba allo ya ga baƙi da wasali ya furta su ba tare da ya ji daga bakin kowa ba? To haka aka yi wa karin waƙa nasa rubutun. Ana ja layuka biyar a kwance, a ɗiɗɗiga wasu alamomi a kan layi ko a tsakanin layuka. Wurin da alamar ta zauna shi ke nuna ko murya za ta hau ko za ta sauka, siffarta kuma ita ke nuna ko za a ja ta ko za a datse. Wanda ya iya karanta wannan, in aka miƙa masa takardar waƙar da bai taɓa ji ba, zai rera ta daidai yadda mai ita ya tsara, ko da mai ita ya shekara 200 a ƙasa. A ƙasar Italiya aka aza harsashin wannan tsari, kusan shekara 1000 da suka wuce. Amma nazarin sauti bai tsaya ga Turawa kaɗai ba. Malam Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950 Miladiyya, ya wallafa babban littafi da Larabci a kan ilmin kiɗa, da lissafin tazarar da ke tsakanin sauti da sauti.

Abu na biyu horon kunne. Malami zai taɓa fiyano, ya ce ɗalibi ya rubuta abin da ya ji, kamar yadda ake yi wa yara shifta. Sai kuma koyon abin kiɗa, galibi fiyano dole ne, sannan mutum ya zaɓi wani ya ƙware a kai, ko kuma ya zaɓi muryarsa. Akwai tarihin kiɗan Turai, akwai kiɗan Afirka, akwai tsara sabon kari, akwai aikin na'urorin ɗaukar murya da kwamfuta. A shekarar ƙarshe ɗalibi ya yi bincike ya rubuta kundi. Karatu ne mai cin lokaci, mai lissafi a ciki, kuma murya mai daɗi kaɗai ba ta fitar da mutum.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba, don amana ce. Kiɗan Turawa da ake koyarwa a waɗannan sassa, kaso babba nasa a coci ya girma, saboda haka waƙoƙin coci suna cikin abin da ake nazari, kuma akan haɗa ɗalibai maza da mata su yi rerawar taro, a ba su maki a kai. Yawancin masu shiga sun taso suna rerawa a cocinsu tun suna yara, sun saba da fiyano, wasu har sun iya rubutun nan kafin su zo. 'Yarki da ta taso a Kongolam, wadda ƙila ba ta taɓa ɗora yatsa a kan fiyano ba, za ta fara ne daga baya ƙwarai. Ga nisa. Daga bakin iyakar Nijar zuwa Nsukka tafiya ce ta yini cur har a haɗa da dare, ga kuɗin mota, ga na makaranta, ga ba dangin iya ba na baba. Ban ce ba zai yiwu ba, amma duk mai gaya wa yarinya abu ne mai sauƙi bai yi mata adalci ba.

Yanzu ga abin da malamin nan bai gaya mata ba, wataƙila shi ma bai sani ba tunda baƙo ne. Mu a ƙasar Hausa an daɗe ana digiri a kan waƙa, sai dai ta wata ƙofa ake shiga, wato sashen nazarin Hausa. Akwai shi a Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da kuma nan kusa da ku, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina. Digirin ya ƙunshi harshe da adabi da al'ada, waƙar baka kuma tana cikin adabi. Da Hausa ake koyarwa, da Hausa ake rubuta kundi.

A nan ba a koya wa ɗalibi kaɗa kalangu, ana koya masa ya warware waƙa ne kamar yadda kike warware kitso ki ga yadda aka kama shi. Mene ne gindin waƙa, wato abin da 'yan amshi ke maimaitawa? Ɗiya nawa gare ta? Mene ne turkenta, yabo ne, ko zuga, ko zambo, ko gargaɗi? Yaya jagora ke miƙa wa 'yan amshi, su kuma yaya suke karɓa? Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya ƙarar da shekaru a kan wannan fanni, littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka ya fito a 1993, kuma ɗalibai sun daɗe suna dogara da shi. Ana kuma koyon rabe-raben makaɗa da kayansu: tambari da kakaki da algaita na fada ne, kotso shi Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka riƙa, kalangu asalinsa na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta gayya, kuntigi shi ya fito da Ɗanmaraya Jos. Mu kuma mata aka bar mu da ƙwarya da shantu, da turmi da taɓarya.

Bari in ba ki misali ɗaya na irin abin da ke sa mai nazari ya kasa barci. Ki furta kuka, na jariri. Yanzu ki furta kuka, ta miya. Baƙaƙen ɗaya ne, amma a na farko muryarki ta tsaya a sama, a na biyu ta faɗo ƙasa a ƙarshe. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu yake magana. Makaɗi yana matse tsirkiyoyin a hammata fata ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, sai ki ji ya kira sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Wannan zamiya da kalangu ke yi tsakanin sauti da sauti, fiyano bai iya ta, don shi sautukansa a yanke suke, kowane maɓalli da nasa. Tun da fiyanon situdiyo ya mamaye waƙoƙin finafinanmu daga shekarun 1990, kunnen yaranmu ya fara mantawa da wannan. Ni dai ra'ayina an yi asara, ko da yake na san 'yan matan gidanki ba za su yarda da ni ba.

Kuma ku mutanen ƙasar Daura bai kamata wannan zance ya zame muku baƙo ba. Alhaji Mamman Shata, da ya rasu a watan Yuni na 1999, a birnin Daura aka binne shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Shata bai yi boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Tun kafin nan, a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, kuma kundin nasa gaba ɗaya a kan Shata ya rubuta shi. Shi wannan Ɗandatti daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero. Ina so ki riƙe wannan don ranar da za ki yi magana da maigida. Mutum ya yi nazarin mawaƙi har ya shugabanci jami'a, ba wanda ya taɓa kiransa maroƙi.

Domin tsoron maigidanki ba na banza ba ne, kada ki raina shi. A al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma mun san inda aka ajiye maroƙa. Muna son waƙarsu, muna yi musu liƙi, amma in ɗansu ya zo neman aure sai a fara kallon juna. Uba yana hango 'yarsa a tsakiyar fili da makirfo a hannu, maza na zuba mata kuɗi, yana hango abin da za a faɗa a majalisa da ƙofar masallaci, yana hango manema sun janye. A gari kamar Kongolam, inda kowa ya san kowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni kaina ranar da na ce aikin jarida zan karanta, wani kawuna wata uku bai amsa gaisuwata ba, wai muryar 'yar gidansu za ta fita duniya. Yau shi ke aiko yaro a tambaye ni ƙarfe nawa ake maimaita shiri. Amma fa kafin a kai nan an sha fama, kuma da mahaifiyata ta yi gaba da gaba da shi da ban kai ko'ina ba.

Ta fuskar addini kuwa, ni ba malama ba ce, ba kuma zan ba da fatawa a rediyo ba. Abin da kowa ya sani shi ne malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a kan wasu nau'o'i da wasu lokuta, kamar biki. Waƙar da ba kiɗa kuwa, mai kiran mutane zuwa ga alheri, mun gaje ta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara, jajis suna haddacewa suna kai wa 'yan taru har cikin gidajensu. In za ku tambayi malami, ku yi tambayar dalla-dalla. Hukuncin mace ta tsaya gaban maza tana rerawa da kiɗa tambaya ce daban. Hukuncin ta zauna a aji ta yi nazarin waƙoƙin daka ta rubuta littafi, wata tambayar ce. In kuka cakuɗa su, amsa ɗaya za a ba ku.

Na ambaci waƙoƙin daka, to nan ne zuciyata ta fi karkata, ki yi haƙuri in ɗan daɗe.

Mazan da suka yi nazarin waƙoƙinmu sun yi ƙoƙari, amma ƙofar gida ta tsayar da su. Namiji zai iya bin makaɗin fada ko na dambe duk inda ya shiga, amma ba zai wuce zaure ya zauna gindin turmi ba. Wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, sun zauna a ƙasar Zazzau da ta Katsina, suka fitar da littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Abin da ke cikin gida kuwa sai da mata suka shiga. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta har da waƙoƙin da take tunawa, littafin ya fito a 1954. Wata Ba'amurkiya kuma, Beverly Mack, ta zauna a Kano ta bi mata masu waƙa irin su Hauwa Gwaram da Binta Katsina, ta fitar da nata littafin a 2004. Ki duba fa, daga wata uwa duniya suka taso suka zo neman abin da ke bakin kakanninmu. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi suna, kuma ɗaliban jami'a sun yi ta rubutu a kan waƙoƙinta.

Amma Barmani ta yi sa'a, an ɗauki muryarta a kaset. Ina waƙar niƙa da kakata ke yi da asuba a kan dutse? Na tuna tana yi, na tuna har kuka take sa ni ban san dalili ba, amma yau ko ɗa ɗaya ba zan iya kawo miki ba. Injin niƙa ya zo, dutse ya koma bayan ɗaki, waƙar ta bi shi. Lugude ma yana neman bin sahu. Waƙar raino ta koma waya, a kunna wa jariri ya yi shiru. Gaɗa a dandali sai a ƙauyuka, can ma ta ja baya. Kuma ko an rubuta kalmomin a takarda, karin da ake rera su da shi yana tafiya da mai shi kabari, sai fa in an ɗauki murya, ko an sami wanda ya iya rubutun sautin nan da na faɗa miki. Kin ga inda ƙofofin nan biyu suke bukatar juna. Masu Hausa sun riƙe kalmomi, masu sashen kiɗa sun riƙe kari, kuma waɗanda suka haɗa biyun a kan waƙoƙin matan Hausa ba su da yawa.

Kongolam kuwa wuri ne da mai wannan bincike zai yi kwaɗayi. Gari ne na iyaka, amare na shigowa daga Ɗan Barto da Matamaye, naku na tafiya can, kowace ta zo da waƙoƙin garinsu a bakinta. A gida ɗaya sai ki tarar da tsohuwa mai waƙar Damagaram da kishiyarta mai ta Daura. Farfesa daga Kano ba zai shiga ɗakunan nan ba. 'Yarki kuwa ba mai hana ta, jikarsu ce.

To me zan ce ki yi? Ga abin da na gani, ke kuma ki auna.

Ki sami lokacin da ba kowa, ki tambayi yarinyar abin da take so na gaskiya. In burinta ta zama mawaƙiya ce a san ta a waya, to ki gaya mata yawancin waɗanda take ji ba digirin kiɗa suka yi ba, kuma wannan magana ce daban da ke da mahaifinta za ku yanke. In kuwa son sanin waƙa ne ya kama ta, yadda ake gina ta da inda ta fito, ni shawarata ta cike Hausa, Katsina ko Kano. Kusa ne, za a iya kai mata ziyara a dawo a yini, kuma karatu ne da maigida zai iya faɗa a majalisa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Sai ta tabbata ta sami kiredit a Hausa da Turanci. Rubutun sauti kuma bai gudu ba, ana koyonsa daga baya, har ta waya akwai darussa, in ta kai digiri na biyu ta haɗa su.

Kada kuma a yaudare ta da zancen aiki. Wanda ya yi digirin kiɗa yakan koyar, ko ya shiga rediyo da talabijin, ko situdiyo, ko badujalar soja da 'yan sanda, amma a makarantunmu na nan ba kasafai ake neman malamin kiɗa ba. Mai digirin Hausa ita ma ba a ajiye mata kujera ba, sai dai ƙofofinta a nan sun fi yawa: koyarwa, fassara, gidajen rediyo, hukumar tarihi da al'adu. Abokan aikina da dama a nan gidan da shi suka shigo.

Shi kuma maigida, kin fi ni sanin lokacin da ake samun kansa. Kada ki tare shi a gaban yara, kada ki ce ya yi kuskure. Ki ce kin bincika, kin gano akwai hanyar da ba kiɗa za ta yi ba, malanta ce. In akwai wani babba da yake jin nauyi, yayansa ko limamin unguwa, a bi ta nan. Abin da nake jin tsoro shi ne a kan kalma ɗaya da ba a fahimta ba a rufe wa yarinya karatu gaba ɗaya, alhali saura 'yan watanni ta gama.

Kafin nan kuma ga aikin da za ki ba ta, wanda ba sai an nemi izinin JAMB ba. In akwai tsohuwa a gidanku ko maƙwabta da ta iya waƙar niƙa, ko ta daɓe, ko ta kai amarya, ki ara wa yarinyar wayarki ta je ta gaishe ta da ɗan goro, ta roƙe ta ta rera, ta ɗauka. Ta tambaye ta a wurin wa ta koya, a wane gari, da lokacin da ake yin ta, ta rubuta a littafi da kwanan wata. In ta yi guda goma ba ta gaji ba, kin san da gaske take. In ta yi biyu ta watsar, kin huta da rigima. Waɗanda ta ɗauka kuma, in tsofaffin sun yarda, ki aiko mana ta lambar da kika turo saƙonki, za mu sa a ji a wannan fili ba tare da ambaton suna ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan maganar yaye da muka bari.